Akwatin Kayan Aikinka Yana Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga angona, tauraron asubahina, ruwan randata mai sanyi, inuwar da nake rarrafawa in fake cikinta da tsakar rana, jikana kuma maigidana, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina nan lafiya, in ka cire gwiwar nan da kuma zuciyar da ka taka ka wuce.

Wai me kunnena yake jiyo mini, hasken idona? Jiya uwarka ta shigo tana washe baki kamar gonar auduga, wai gwamnatin jiha ta ɗauke ka aiki, wai ranar Asabar za ka sayar wa mai katifa na kusa da kai shagonka, da tebur, da kayan gyaran firij da fanka duka. Ashe budurwa ka yi ban sani ba! Kuma duk matan duniya ka rasa wadda za ka bi sai wannan tsohuwar bazawara, wadda ta girme ni ta girmi uwata, mai samari dubu, ba ta san sunan ko ɗayansu ba sai lambarsa?

Na san abin da ta raɗa maka, ɗan lelena. Aiki ne da ba a kora. Albashi duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Katin asibiti, rancen gina gida, hutun shekara, sannan fansho har bakin kabari. Ai na haddace waƙar, domin ita ta rera wa kakanka, ina zaune ina kallo ya narke kamar man shanu a rana.

Bari in ba ka labarin amarcinsu. Ofishinsu ma'aikata sun fi kujeru yawa, wanda ya makara sai ya wuni a jingine da bango. Kakanka, mutum mai kwarjini, da sarƙar kekensa yake ɗaure kujerarsa a ƙafar tebur in an tashi. Keken ya kwana a waje ba kulle, kujera ta kwana da kwaɗo! Abin da kawai ya tabbata nasa ne a ofishin nan ke nan. Katin asibiti kuwa kyakkyawa ne, har da hoto. Ka nuna shi, likita ya yi maka murmushi, ya rubuta, ya nuna maka hanyar kemis. Filin da aka ce za a gina mana gidaje, har yau ciyawa ce ke zaman haya a ciki. Da ya yi ritaya, kowace shekara sai an tara su a rana, da tarinsu da sandunansu, su tabbatar wa wani mai biro cewa suna da rai. Ka taɓa jin masoyiyar da sai ka kawo mata shaida kafin ta yarda ba ka mutu ba?

Kada in ɗauki alhakinta, da albashinta uwarka ta yi makaranta. Amma in ta yi yaji, wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru kake ji, wa kake tsammani ya ɗora tukunya? Keken ɗinkina ne, wanda kakanka ya so mu sayar farkon shigarsa aiki, wai matar ma'aikaci ba ta taka keke. Na ce sai dai a sayar da ni tare da shi. Gumin keken nan kuka ci kuka girma.

Kuma wai ba a kora! Uwarka da bakinta ta ce gwaji za ka fara. Gwamnan da ya ɗauke ku ya kusa sauka, sabo kuwa da tsintsiyarsa yake zuwa, kuma ai ka san daga bakin ƙofa ake fara shara. Wa ke zaune a bakin ƙofa in ba wanda ya shigo ƙarshe ba?

Ka tuna agogon bango, kyautar sallamar da ta ba kakanka? Bai rufa shekara ba ya tsaya cak, kamar ƙarin girman da aka yi ta yi masa alƙawari. Kai ka sauke shi, ka baje hanjinsa a kan tabarmata, ka ari wuƙar yankan albasata da man kekena. Na yi ta zaginka, kana yi mini dariya da giɓinka. Da agogon ya ce tak, tak, kakanka ya juya ya fuskanci bango yana goge ido, ni kuwa a ranar na ce na yi miji. Hannun nan naka, mai tada mataccen ƙarfe kamar yadda ruwan farko ke tada ciyawa, shi za ka kai a koya masa hamma da korar ƙuda? Haba zumata! Haba sanyin idaniyata!

To saurara. Yau da safe, kana can layin ɗaukar hoton sababbin ma'aikata, na je wurin mai facin da kake bar wa makullinka, na ce maigida ne ya aiko ni. Ban yi ƙarya ba, ko ba kai ne maigidan ba, kuma da kana da hankali ai da ka aiko ni. Mai baro ya turo mini akwatin kayan aikinka har ɗaki. Na kuma tsaya mun gaisa da mai katifa, na yi masa jajen rufin shagonka da ke yoyo, da ɓerayen da har gaishe da mutane suke yi. Na bar shi yana shafa katifunsa yana tunani.

Ban hana ka zuwa ba. Je ka, sa rigarka mai guga, nemi kujerarka, sarƙar kakanka ma tana nan in kana so. Karɓi duk abin da ta ba ka da hannu biyu. Amma da yamma da ranar Asabar shagon nan zai buɗe, don ranar da ta juya maka baya ka sami ƙofar da ba sai ka ƙwanƙwasa ba. Wanda ya zubar da ruwan tulunsa don ya ga hadari, shi ke kwana da ƙishirwa.

In kana son akwatinka, ka zo da kanka, ka zauna ka ci abinci, ka yi mini alƙawari ido cikin ido. In kuwa sayarwa za ka yi, sai ka ɗaga gadon da ni a kai, ka haɗa wa mai katifa har da tsohuwa.

Ni ce wadda ta ɗauke ka aiki ranar da aka miƙo mata kai a tsumma, ba gwaji, ba kora, ba ritaya, kuma ba ta taɓa neman shaidar kana da rai ba, ganin ƙasan kwanonka ya ishe ta.

Taka har ranar da agogon nan zai tsaya ka kasa tada shi,
Kakarka.