Jar Kanwar da Na Jefa a Maganin Sin

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hadiza, autarki, daga ɗakinmu na unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki.

Inna, jinin nan da ya fara mini kafin ki rasu bai tsaya ba. Al'ada takan yi sati uku, ta ɗauke kwana huɗu, ta dawo. Matakalar gidanmu da nake hayewa da gudu kina yi mini faɗa, yanzu sai na zauna sau uku kafin in kai. Kin kuma san ba mu da igama, takardar izinin zama, asibiti ba wurin zuwanmu ba ne.

A Hajjin bana na samu aikin wanke-wanke a Mina, a tantin alhazan ƙasar Sin. Wata tsohuwa ta gan ni ina dirje zanena a ɓoye. Ba ta jin Hausa, Larabcinta na salla ne kawai. Ta kama wuyan hannuna da yatsu uku, ta duba harshena, ta girgiza kai. Sai ta ba ni ƙulli biyar na busassun saiwoyi da wani ganye mai ƙauri. Da hannu ta nuna mini: ruwa kofi uku, ya tafasa ya koma ɗaya. Ta kaɗa yatsa, wato kada in ƙara komai.

Amma ni 'yarki ce. Da na ɗora tukunya sai na ji muryarki: "Hadiza, ba a dafa saiwa ba kanwa, ba za ta saki maganinta ba." Na ɗauko gwangwaninki, na jefa jar kanwa. Har da cewa a raina, me tsohuwar Sin ta fi Innata sani?

Ƙulli huɗu na yi wa haka. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, na toshe hanci na shanye, jini kuwa kamar an ƙara shi. Na biyar na dafa shi yadda tsohuwar ta ce. Kwana biyu na samu sauƙi, har na yi ɗawafi da ƙafata. Ko maganin ne, ko dacewa ce, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ta koma ƙasarsu, ko sunanta ban tambaya ba. Na zaga shagunan masu magani a unguwar Rusaifa da takardar ƙullin, kowa ya juya ta ya miƙo mini.

Shekaranjiya na faɗi a bakin famfo. Gobe maƙwabciyarmu Gwaggo Rabi za ta kai ni asibiti, ta ce ba za ta wanke gawata ba bayan ta wanke taki. Idan suka nemi takardu, sai tarhil, a mayar da ni Kano, garin da na bari ina goye a bayanki. Na gaji, Inna, kuma tsoro nake ji.

Yau na je maƙabartar Sharayi na tsaya a jikin katanga, tunda ba a barin mata su shiga. Ban san wanne ne naki ba, sai na yi wa dukansu sallama. Kin ce in zauna kusa da ke. Na yi iya yina.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda ba a tambayar igama. Ki yafe mini. Gwangwanin kanwarki kaɗai na sa a jaka.

'Yarki har kullum,
Hadiza