Sunana a Bakin Baffa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka share ɗakin mahaifinmu Baffa a Gafasa, tunda an yi sadakar arba'in. Ƙanena Mus'ab ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, cike da kaset-kaset da rikoda mai batir. Muka ce wa'azi ne. In ba wa'azi ba me? Mutumin da ko rediyo ya ji tana kiɗa sai ya tsawatar.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na kai wa mai gyaran rediyo a Gaya ya juye min su a waya. Ya kunna ɗaya don gwaji. Innalillahi! Baffa ne, kuma waƙa yake yi. Waƙa! Yana kaɗa ƙwarya da yatsu, ana jin kukan zabi a bayansa. Mai shagon har da gyaɗa kai, wai, "Hajiya, wane mawaƙi ne wannan?" Na zauna a benci na saurara har ƙarshe.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kasa cin abinci. Sunana ne a ciki.

Ni ce 'yar farinsa, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da na yi wayo "ke" nake, ko "waccan". Ni ma haka nake yi wa tawa 'yar farin, Afra'u, ai haka muka gada. Amma nasa ya yi yawa. Ko ciwo nake, daga bakin ƙofa yake tambayar Inna, "Ya mai jiki?" ya wuce. Na girma na yanke cewa mutumin nan bai damu da ni ba. Yau ga shi yana jan "Kubura, Kubura tawa" kamar mai lallashin maraƙi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na faɗa wa Mus'ab, na yi da-na-sani. "Yaya, mutuncinsa fa! A ji Malam yana waƙa? A ƙona su, ki goge na wayar." Yana da bakin magana, shi da aka riƙa ɗauka a kafaɗa har kasuwa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na kunna wa Goggo Hanne, ƙanwar Baffa. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ashe ta sani! Wai a bukkar gona yake yin su, inda ba mai ji. Waƙar da yake cewa "tashi ki sha fura" ta lokacin da na yi ƙyanda ce. Wata kuma ranar da na fara tafiya, shi yana leƙe ta jikin zana.

Sai ta ƙarshe, wadda ba ƙwarya. Ranar da aka kai ni Kademi gidan miji, Baffa ya tafi gona tun safe, ko sallama bai yi min ba. Abin nan na riƙe shi a raina har ya rasu. Goggo ta ce, "Can ya je ya yi wannan." A tsakiya muryarsa ta sarƙe. Kaset yana ta juyawa, ba ka jin komai sai numfashinsa.

Na ce, "Goggo, me ya hana ki faɗa min?" Ta ce, "In kunyata yayana?"

Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na gaya wa Mus'ab ba mai ƙona komai. Ba zan watsa ba, amma sunana ne a ciki, ba na Mus'ab ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Afra'u ta koma makaranta Kano yau. Tana bakin ƙofa da jaka tana jiran mai adaidaita, na ga ta bar ƙullin gyaɗarta a kan tabarma. Na ce, "Afra'u, ga gyaɗarki." Yarinyar nan ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta. Ta ce, "Umma, ni?" Na ce to wa, ki karɓa kada ki makara.

Suɓutar baki ce, ina ji. Sai dai bayan sun sha kwana na sake faɗar sunan a hankali, in ji yadda yake fita.