Gaisuwar Ba'amurkiya

Daren Laraba, Abbey Wood.

Yau na kashe wutar da ta tashi a group ɗinmu na matan Arewa, kuma ba da waya na kashe ta ba.

Jiya na rubuta a group ɗin cewa wata Ba'amurkiya ta zauna kusa da ni a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta tambaye ni yara, aiki, har ciwon gwiwata, sai ka ce a motar Kano. Wallahi yabo nake yi. Wa ya taɓa tambayata gajiya a jirgin London? Amma Hajiya Bilki, da mijin 'yarta Ba'amurke ne, ta ɗauka 'yan shisshigi na kira Amurkawa. Ta fice daga group, mata suka yi ta hura wuta.

Ban ƙara rubuta komai ba. Ina tashi daga aiki na sayi dabino, na buga ƙofarta a Stratford.

Surukin ne ya buɗe. Ya rusuna, da Hausarsa mai tsami: "Ina gajiya? Yaya yara? Yaya ƙafa?"

Na dubi Hajiya. "Kin ji ko, Yaya? Abin da na faɗa ke nan."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce a mayar da ita group.

Da Umma na raye, yau da ta ce na yi hankali.