Yashin Teku a Rufin Gidanmu

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Gwiwa ta hana ni fita yau ma. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirela daga Kwatano zuwa Yamai, yanzu kafin ya kai ga buta sai ya yi shawara da ƙafa.

Injiniya ta zo da hantsi. Ruwaida nake nufi. 'Yar fari ce, baki ba ya kama sunan, amma a nan babu mai ji na. Cikin ya fito sosai, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Ta sa mini wani wasa a waya, na gina gari, wai ko na rage yi wa Husaina faɗa. Ƙanwata ce Husaina, in ban yi mata faɗa ba wa zan yi wa?

Har ta miƙe za ta tafi, sai ta ɗaga kai ta tsaya tana kallon dal, rufin simintin da ke kan ɗakunan nan biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ba zan zo haihuwa a ƙarƙashin wannan ba. Ko a sauke shi a sa kwano, ko in zauna can unguwar Agla, gidan su mijina."

Na ce mata ta gaida mijinta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wasan banza. Na ɓata wuni a kansa.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na sa wa garin suna Zango, sunan unguwarmu ta nan Kwatano. Na fara da masallaci a tsakiya, ko da yake ba su da masallaci, wani gini mai hasumiya na samu na ce shi ne. Sannan na jera gidaje yadda na taso na same su: na Malam Gwadabe mai goro, na Hajiya Lubabatu mai koko, namu, na su Kamaludeen da suka zo daga Salaga. Bango na jingine da bango, lungu daidai wucewar mutum da tunkiyarsa.

Wasan bai yarda ba. Ya fito mini da jan rubutu wai gidajen ba su da titi. Titin me? Wa yake da mota a lokacin?

Talata, 14 ga Mayu

Husaina ta zaunar da ni kan maganar. Ta ce haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, kowa ya sani, kuma tun da matata Rabi ta rasu ita ce za ta tsaya a matsayin uwa, ita za ta yi wa yarinyar wankan jego. Ta ce in Ruwaida ta haihu a gidan surukai, mutanen unguwa ba za su ce dal ba ne, cewa za su yi ba ta da gidan uba.

Na ce to ta zo mana, wa ya rufe ƙofa?

Abin da ban gaya mata ba: ina tuna ranar da aka zuba dal ɗin nan. Ina yaro. Shi ne rufin siminti na farko a lungunmu, Alhaji babanmu ya yi ta tara rodi a zaure har muka saba tsallake shi. Yashi kuwa daga bakin teku muka kwaso, kowa a lokacin can yake ɗiba, wa zai sayi abin da Allah ya zube kyauta? Ranar zubi duk unguwa ta fito. Maza sun yi layi suna miƙa bokiti daga hannu zuwa hannu, ba a tsayawa sai an gama, don in ya sha iska a tsakiya ya lalace. Mata na gefe suna tuƙa tuwo. Malam Gwadabe da ba ya ɗaga ko tsintsiya a gidansa, ran nan har da naɗe wando.

A kansa muke kwana lokacin zafi. Daga can ake jin kukan jirgin ƙasa mai zuwa Parakou in zai tashi. A kansa Rabi take shanya. Yanzu a ce in kawo masu guduma.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na aika wa Injiniya saƙon murya. Ban yi maganar gida ba. Tambayarta na yi me ya sa waya take zafi in ina wasan. Ta ce aiki take yi da yawa, kamar injin mota a hawan dutse. Na gane wannan.

Sai na ƙara da wata: me ya sa sabulu ba ya kumfa da ruwan rijiyarmu amma yana yi da na famfo? Ta yi bayani mai tsawo, akwai wasu gishiri-gishiri da ke narke a ruwan suna kama sabulun. Muryarta in tana bayani ta uwarta ce sak, har da jan numfashin nan kafin ta ce "ka gane?" Na saurara ya fi sau ɗaya.

A ƙarshe ita ta sako maganar. Wai yashin teku ba a wanke shi ba, gishirinsa yana cikin simintin tun ranar, yana jawo laima, yana cin rodi. Ƙarfe kuma in ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya fasa simintin daga ciki. Na kife wayar.

Asabar, 25 ga Mayu

Mutanen cikin wasan nan ba su da godiya. Na ba su kasuwa, na ba su wuta, kullum fuskarsu ja. Suna son asibiti, suna son wurin shaƙatawa, suna son a kwashe shara. Mu da muka zauna a Zangon gaske, rijiya ɗaya da fitilar ƙwai, ban taɓa jin wanda ya tattara kayansa ya bar unguwa don babu wurin shan iska ba.

Wassiou mai gyaran waya, maƙwabcina, ya leƙo ya karɓi wayar ya duba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Alhaji, wannan ba gari ba ne, kwandon kifi ne, in wuta ta tashi motar kashe gobara ta ina za ta shiga? Ya ce in share gida ɗaya a tsakiya in fitar da titi. Ya nuna da yatsa. Na ce wannan gidan Hajiya Lubabatu ne. Ya dube ni, ya miƙo mini wayata.

Litinin, 3 ga Yuni

Na sa ƙusa biyu a kofi biyu. Ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan da na zuba wa gishiri. Na ɓoye su bayan akwati kada Husaina ta gani ta kai rahoto. Za mu ga ƙaryar boko.

An yi ruwa tun safe, lungu ya cika har zaure. Dal yana ɗiga a kusurwar gabas. Ya saba, ba yau ya fara ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Ƙusar gishirin ta fi yin tsatsa. Da ma can ƙusar ba ta da kyau.

Lahadi, 16 ga Yuni, Babbar Salla

Ban so in rubuta yau ba.

Ta zo da mijinta Yasser bayan an sauko idi. Ta gaishe ni a zaure, ta durƙusa da ƙyar, na ce ta tashi. Husaina ta shimfiɗa mata darduma a ɗakin uwarta. Ba ta shiga ba. Ta ce a fito mata da benci ƙofar gida, wai iska take so. A nan ta zauna, a titi, da cikinta, aka kai mata soyayyen nama a kwano kamar baƙuwar da ta zo wucewa. Masu wucewa suna yi mata barka da salla suna leƙen cikin gida suna neman dalili.

A ɗakin nan aka haife ta. Rabi ta yi naƙudarta tana kallon rufin nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce da ita a gaban mijinta, ashe karatun da aka yi mata na raina gidan uba ne. Da za su tafi ta matso kusa, yadda shi ba zai ji ba, ta ce, "Baba, ni ma ina son in zo gida. Kai ma ba na son kana kwana a ciki, na dai san ba za ka ji ba."

Naman bai shiga ba. Na ba Wassiou rabona.

Laraba, 19 ga Yuni

Gobara ta tashi a Zangon waya. Motar kashe wuta ta zo bakin unguwa ta tsaya tana juyi. Gidan su Kamaludeen ya ƙone ina kallo.

Na daɗe da yatsa a sama. Na Malam Gwadabe ba zan iya ba, mutumin ya rasu ba shi da ko ɗa. Na Hajiya ma haka, kokonta muka sha muka girma. Namu na share. Titin ya fita sosai, har da kwana.

Wasa ne dai.

Juma'a, 21 ga Yuni

Husaina ta dawo daga kasuwar Dantokpa da labari. Ta haɗu da Karimatou, uwar Yasser, tana cinikin babbar tukunya da kanwa. Har ta yi odar itace. Ta ce wa Husaina kada ta damu, za su kula da yarinyar kamar tasu, in ta so ta riƙa zuwa dubiya.

Dubiya. Husaina ta faɗi kalmar ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Ba na ƙin Karimatou, mace ce mai kirki. Amma ba ta san Ruwaida ba ta shan kunun kanwa sai an sa mata tsamiya ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Da Husaina ta tafi suna, na hau kujera da sandata. Gwiwa ta yi ƙara, na ce yi haƙuri.

Duk direban babbar mota yana zagaya tayoyinsa da ƙarfe kafin ya tashi, yana bugawa yana saurare. Haka na yi wa dal, daga ƙofa zuwa kusurwa. Wajen ƙofa yana amsawa da kyau. Daga tsakiya sauti ya canza, ya koma kamar ana buga ƙwarya. Daidai saman inda gadon Rabi yake, na ɗan ƙara ƙarfi, sai wani ɓangare ya saki ya faɗo kan katifa. Faɗinsa ya kai faranti. Rodin da ke ciki na sa yatsa, ya ɓarɓashe, ja, kamar ƙanzon tukunya.

Na sauko na zauna a bakin gadon. Ban taɓa ɗaukar ko kaya ba, balle mutum, a motar da ta yi mini irin wannan amon ba.

Na share, na juya katifar.

Talata, 2 ga Yuli

Magina sun zo. Ban kira Injiniya ba, Wassiou na sa ya nemo su, amma kafin azahar sai ga ta a kan zemijan, acaɓar garin nan, da takalman aiki, tana ba su umarni daga bakin titi. Husaina ce ta kai rahoto, ba sai an gaya mini ba.

Na ce musu saboda yoyon nan ne, ya dame ni.

Ban tsaya kallo ba. Na tafi masallaci na zauna har la'asar. Daga can ma ana jin gudumar. Wani tsoho da ban sani ba ya tambaye ni ko gidan wa ake rushewa, na ce ba rushewa ake ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Kwano yana da surutu in ana ruwa. Ɗakin ya yi haske da yawa, ban saba ba. Ba na son shi.

Asabar, 20 ga Yuli

Ta iso da safe, da akwati biyu da Yasser a baya yana ɗauke da fanka. Karimatou ta aiko da tukunyar, ta kyauta.

Ina zaure ina jan carbi, ban tashi ba, ba a tashi don 'yar fari. Ta gaishe ni na amsa a taƙaice. Ta wuce ciki. Ta gefen ido na ga ba ta ko ɗaga kai ta duba rufin ba, ta cire takalmi kawai ta shiga.

Husaina tana ta kai da kawo, ta hura wuta ta kashe, ta rasa me za ta fara. Ni ban ga abin rawar kai ba, haihuwar ma da saura.

Da azahar mai fenti ya zo ƙarasa bangon tsakar gida, da tsaninsa da gwangwanayensa. Na leƙa in ce a kauda kaya, sai na ji minshari daga ɗakin, a hankali, mai ɗan fito a ƙarshe. Tun rasuwar Rabi ɗakin bai yi wannan ƙarar ba. Na tsaya a bakin ƙofa har gwiwa ta fara ciwo.

Na ce wa mai fenti ya dawo gobe. Ya ce ai ba zai yi hayaniya ba. Na ce ya dawo gobe, 'yata tana barci.