Ki Ɗauke Shebur ɗin Baba

Yaya Gunilla,

Gaisuwa mai yawa daga nan Norway. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake. Sanyin ɗakin yankan kifi ne kawai ya ɗan riƙe min yatsu, likita ya ce in huta, shi ya sa kasona na kuɗin aikin gidan Baba bai iso ba. Kada ki damu.

Na ji masu haƙa sun huda dutsen bayan gida, sun zura bututun da zai jawo ɗumin ƙasa ya ɗumama ɗaki. Madalla, Baba ya huta da faskare. Amma jiya ya ce min a waya aikin ya kusa krona dubu ɗari biyu, don haka shi da kansa zai tona ramin da bututun zai bi zuwa ɗaki, a rage masa. Na tuna masa da ciwon zuciyarsa. Ya ce, "A kan ramin da bai wuce ƙugu ba zan biya wani ƙato? Kai dai ka ji da kifinka." Yaya, yana maganar yana haki.

Ƙasa ta fara daskarewa. In ya faɗi a ramin nan, wa zai gan shi?

Don Allah ki je ran Asabar. Kada ki yi gardama da shi, ba za ki ci ba. Ki sha kofi, ki yaba ramin, in za ki tafi ki jefa shebur ɗin a motarki. Akwai kuma ƙaramin na marigayiya Mama a bayan rumfar itace. Shi ma kada ki bar masa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Sixten