Ƙafar Mama da Dolen Yaya

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdulillahi, maigidana ma ya warke daga ciwon bayan nan. A kan Mama na zauna rubuto maka, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Ka san tun da ɓarin jikinta ya shanye likita ta ce sai an riƙa motsa mata ƙafar kullum, in ba haka ba ta sandare, ita da tafiya kuma sai dai labari. Muka raba kwanaki tsakaninmu. To, Yaya Babba wallahi abin nasa ƙyama yake ba ni. Bai taɓa fashi ba, wannan na shaida, amma tun daga bakin ƙofa zai sauke numfashi ya ce ya zai yi, uwa ce, dole ce. Yana murza ƙafar yana duba agogo, fuska kamar an sa shi kwashe shara. Wai shi da kansa yake magana. Ai kuwa kunnen Mama bai shanye ba! Sai ta fara janye ƙafar, ta juya fuska ga bango, ta ce a bar ta kawai, ba ta son zama wa kowa kaya.

Na tare shi a tsakar gida na ce ya canza abin da yake faɗa wa ransa, ya riƙa cewa ya zo ne don yana son ganin uwarsa a tsaye. Ya ce shi da dole yake tashi aiki, da ita ya gina gida, kar na kawo masa iyayi. Na ce to ita dolen ta tsaya a wurin aiki, ba kowa take tayarwa ba, Mama kwantar da ita take yi. Ya yi tsaki ya wuce. Tir!

Abin mamaki, Auta ce ta fitar da mu, ita da ko ruwa ka ce dole ta sha sai ta gwammace ƙishirwa. Ba wanda ya sa ta. Ta janyo tsohon keken ɗinkin Mama daga bayan ƙofa, ta goge ƙura, ta ɗiga masa mai, ta kawo rigarta da ta yage ta ce telolin yanzu ba su iya komai ba. Mama ta harare ta, ta ce a zaunar da ita. Da hannuna na ɗora ƙafar a kan abin takawa. Ɗinkin ya fita a karkace, Auta kuma ta sa rigar haka ta fita unguwa. Yanzu Mama da kanta take tambaya ko akwai abin gyara. Amma ranar Yaya har yau ba ta ba da ƙafar.

Sai ga saƙon muryarka shekaranjiya. Na kunna a gaban Mama da murnata, sai na ji kana cewa aiki ya yi yawa amma ya za ka yi, dole ka leƙo ƙarshen wata. Haba Dogo, har da kai? Ji na yi kamar na jefa wayar cikin kwata.

Ka gaishe min da maiɗakinka, da takwarar Mama, da ƙaramin mai rigima. Maigidana da Auta suna gaisuwa. Mama ba ta ba da saƙo ba. Ta dai tambaye ni ko zuwan naka so ne ko sauke nauyi, don in sauke nauyi ne ta yafe, ka yi zamanka. Na ce zan tambaye ka. To, na tambaya.

Taka har kullum,
Yayarka