Rabi Na Wankan Jego

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Inna Mariya da yara? Mu nan Cadawa sai godiya.

Kawu, wai wa kake rubuta wa? Na nemi sunanka a salula, na ga likitocin duniya suna kafa hujja da bincikenka kan ciwon zuciyar masu jego. Da ɗan faransancin da na koya wa kaina na karanta: wankan ruwan zafi da kunun kanwa na iya gajiyar da zuciyar mace.

To ga ƙanwata Rabi ta haifi namiji, tana gida wanka. Ƙafafunta sun kumbura, barci sai a zaune, numfashi da ƙyar. Kaka na tafasa ruwa safe da yamma, tana ɗura mata kunu. Na ce a kai ta asibitin Agiye, na faɗi abin da ka rubuta. Kaka ta yi dariya: "Maigida, kishin sabon angona kake? Wancan ɗin ma da kunun nan na yi jegonsa."

Wancan! Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta faɗi, kai ma ba ka taɓa ɗaga ido ka yi mata wannan magana ba. Ni jika ne, maganata wasa ce. Mijin Rabi kunyar surukai ta ɗaure masa baki. Wa ya rage?

Wallahi ban sa rai za ka tanka ba. Ka gaida mutan gida, ku sa Rabi a addu'a. Amma da ka ga wannan ka kira, zan buɗe muryarka a tsakar gida. Ka faɗa da Hausa, gaban mahaifiyarka da matan gidan nan: a sauke tukunyar ko a ƙara wuta?

Ɗanka,
Sanusi